Lambar da Lailatu ta Rubuta

Malam Abdulsalami ya sake tura takardun ta ƙasan taga, kamar jami'in zai ga wani abu sabo a ciki.

"Baba, na faɗa maka," in ji Yahuza, matashin da ke sabunta takardun mota a ofishin lasisi na Birnin Kudu. "Lambar nan ta tsohuwar Jihar Kano ce, kwamfuta ba ta san ta ba. Kuma an hana rubutun hannu. Ka kwance ta ka ba mu, mu ba ka sabuwa."

"Ku ba ni sabuwar, ku bar mini tsohuwar."

"Doka ta ce sai an karɓa."

Tsohon ya waiwaya wajen motarsa Fijo, mai shekara fiye da jami'in. Lambar baya baƙa ce da farin rubutu, bakwai ɗin ya ɗan karkace. Marigayiya matarsa Lailatu ce ke sabunta rubutun duk jajiberin Sallah, da gashin kaza da fenti, tana tsokanarsa wai ya fi son motar a kanta. Shekara uku ke nan ba wanda ya taɓa lambar. Duk Juma'a kuwa motar ke kai shi Zandam, a ƙasar Gwaram, ya ziyarci kabarinta, shi kaɗai, har makon jiya da jami'an hanya suka ce in suka sake ganin lambar za su kama motar.

"To in kun karɓa, ina kuke kai ta?"

Yahuza ya nuna masa lungu, inda tsofaffin lambobi ke jibge cikin ƙura, wani ya ɗora musu tsintsiya. Abin ya sosa ran Malam ƙwarai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tattara takardunsa.

Ta bayan gari ya koma gida, a hankali. Ya shigar da motar rumfa, ya cire batir, ya goge lambar da hannun rigarsa. Bayan la'asar ya taka zuwa tasha.

"Motar Gwaram ƙarfe nawa take tashi ranar Juma'a?"

Sada direba ya saki baki. "Kai da motar haya, Baba? Ina Fijo?"

"Tana gida," in ji Malam Abdulsalami. "Ka ajiye mini wurin mutum ɗaya."