Shekarun da Teku Ya Ƙara

A ɗakin awo na jami'ar kowa 'Yar Kawu yake ce mata, don Farfesa ƙanin mahaifiyarta ne, shi ya riƙe ta tun tana firamare, shi kuma ya kawo ta aikin. Aikinta auna shekarun tsofaffin abubuwa. Duk mai rai yana ɗibar wani irin sinadari da ake kira kabon a jikinsa, in ya mutu kabon ɗin ya riƙa raguwa a hankali, ita kuma na'urarta ta duba abin da ya saura ta faɗi yaushe aka mutu. Na'urar ba ta san Farfesa ba, ba ta san kawun kowa ba.

Shekara talatin da suka wuce Farfesa ya tono tarin kwanson katantanwar teku a bayan gari, irin wadda mutanen farko suka ci suka zubar. Aka auna, aka ce shekara dubu. A kan wannan dubun ya rubuta littafi, ya zama farfesa, ya yi tumbi. Yanzu gari na shirin bikin cika shekara dubu, an ɗinka huluna masu lamba ɗaya da sifili uku, sai kwamitin biki ya ce a sake awon a sa hannu, don a liƙa takardar a gilashi.

Na'ura ta sake cewa dubu. Matsalar, ai ba a nan lissafi yake tsayawa ba.

"Ranku ya daɗe, ruwan teku na riƙe da tsohon kabon da ya daɗe kwance a can ƙasa," in ji ta a gaban kwamiti. "Katantanwa da shi take gina kwansonta, tun tana raye na'ura ke ganinta tsohuwa. Dole a cire wajen shekara ɗari huɗu."

Shugaban kwamiti, wani tsohon alƙali mai barci da ido ɗaya a buɗe, ya ce, "A cire a kai ina?"

"A mayar wa teku, nasa ne."

"To saura nawa?"

"Ɗari shida."

Aka kalli juna. Garin da ke maƙwabtaka da su ya yi bikin ɗari bakwai bara, kuma har yau ba su daina ɗaga hanci ba.

Ba da baki kawai ta zo ba. Ta buɗe jaka ta fito da wani kwanso daga gidan tarihi, da 'yar takardarsa da ke cewa an kamo shi da rai shekara casa'in da suka wuce. Ta ce ta auna shi, na'ura ta ba shi kusan ɗari biyar. Sai ma'ajin gidan tarihin ya gyara zama, fuskarsa ta washe, ya tambaya ko hakan na nufin gidan tarihinsu ma ya kai ɗari biyar. Wallahi da gaske yake, har ya fara rubutawa.

Aka yi awa biyu ana kai-komo. Wani ya ce teku ai a bakin garin yake, saboda haka shekarunsa na gari ne. Wata ta ce hulunan fa? A ƙarshe alƙali ya raba gardama yadda ya saba: a cire ɗari biyu, kowa ya yi haƙuri. Aka ɗaga hannu, tara suka yarda. Sai aka tuna ɗari takwas ba za ta hau kan hulunan ba, aka sake ɗaga hannu aka mayar da ɗari biyun. Duk wannan Farfesa na zaune a gefe, yana ta goge tabarau da gefen riga.

Aka turo mata takarda ta sa hannu. Ta ce a ba ta zuwa gobe.

Ta koma ɗakin awo. Tsoro take ji, ba na kwamiti ba. Kawun nan nata shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan babur, kuma mahaifiyarta ba za ta fahimci zancen kabon ba, abin da za ta ji kawai shi ne 'yarta ta kunyata ƙaninta a bainar jama'a. Duk da haka ta jawo takarda ta rubuta dubu, ta rubuta ɗari huɗu a ƙasa, ta ja layi.

Bayan la'asar aka turo ƙofa. Farfesa ne, shi kaɗai. Ta miƙe ta ba shi kujera, ya ƙi zama. Ya sunkuya kan takardar ya daɗe yana kallo.

"Kin yi kuskure, 'yar nan."

"Kawu, ku yi haƙuri, amma kun fi ni sanin..."

"Ɗari huɗu na tekun duniya ne gaba ɗaya. A gaɓar nan ruwan ƙasa yana tasowa sama, tsufansa ya fi haka." Ya zare biro daga aljihu ya soke lambarta. "Ɗari huɗu da sittin ne."

Ta dube shi. "A ina kuka samo wannan?"

"Ni na auna. Shekara biyu bayan littafin ya fito."

Ta yi lissafi. Shekara ashirin da takwas ke nan yana koyar da dubu, da wannan lambar a kansa.

Ya mayar da biro aljihu. "Tunda kin nace sai kin rubuta, rubuta daidai, kada a ce ban koya miki aiki ba. Ni dai ranar biki dubu zan ce." Ya kama ƙofa, ya tsaya bai juyo ba. "Takardar sauya miki wurin aiki zuwa ɗakin ajiyar kaya tana wurin sakatare, tun azahar na sa mata hannu. Ki gaida mamarki."

Ta zauna tana jin takunsa har ya sauka bene. Sannan ta cire ɗari huɗu da sittin daga dubu, ta rubuta ɗari biyar da arba'in, ta sa hannu a ƙasa.