Ƙamshin Tafin Anselme

Pierrette na miƙa wa mijinta Anselme miyar kabeji ta cafke hannunsa ta kai hanci. A yankin Armañak kowa ya san mai gonar inabi ba ya ɗanɗana barasa sai ya murza ta a tafi ya shinshina. To, tafin nan ƙamshin zabibi da zuma yake yi.

"Ina ka je?"

"Gona mana."

"Gona ta fara shafa turare ke nan?"

Gonarsu laka ce, barasarta mai kaushi, tana cizon maƙogwaro. Mai taushi irin wannan sai ƙasar yashi, kuma yashi a ƙauyen nan na mutum ɗaya ne: Noélie, bazawarar tsallaken rafi, wadda tun suna 'yan mata ita da Pierrette take wa Anselme fari da ido.

Pierrette ba ta bari ya gama miya ba. Ta ja shi da hannun riga, tsoho ɗan saba'in da huɗu yana tuntuɓe, har ƙofar Noélie.

"Fito, uwar kwalliya! Zo ki ji warin kayanki a hannun mijina."

Noélie ta fito da agwagwa rabin figa. Ta kama tafin ta shaƙa, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ya isa haka," in ji Pierrette. "Shinshinawa na ce."

"Ke dai har ki mutu hancinki na ado ne. Tawa barasar shekara goma sha biyar take kaiwa ƙamshinta ya kwanta. Wannan ta laka ce, ta haura hamsin a ganga har ta yi taushi. Da ni ke da ita, kya ga ƙeyarsa ne?" Ta saki hannun kamar ba ta so.

Ganga ɗaya ce ta kai haka, wadda uban Pierrette ya rufe ranar aurenta da Anselme, aka ce kada a taɓa sai jika ya yi aure.

A rumbu Pierrette ta ƙwanƙwasa gangar. Ta amsa da kuka kamar kalangu, babu komai a ciki har kusan rabi. A kanta kofi ɗaya ne tal.

"Iska ce ke sha," in ji Anselme.

"Iskar har kofi gare ta?"

Ta shinshina kofin. Can ta shiga gida ta ɗauko na biyu ta ajiye kusa da shi, ta kulle rumbun, ta rataya makullin a wuyanta.