Rigar da Ta Matse Gefe Ɗaya

Tun da aka cire mata mama ɗaya, Auta ta canza yadda take auna mutane. A da, kamar kowace mai ɗinki, takan zagaya tef a ƙirjin mace sau guda, ta karanta lamba, ta wuce. Bayan ta warke daga sankarar mama ta koma kan kekenta, sai ta tarar wannan awon ba ya yi wa nata jikin aiki: rigar da ta zauna daidai a dama takan yi yawa a hagu, inda babu komai yanzu sai dogon tabo da ɗan soson da take cusawa a rigar mama. Don haka ta koyi auna kanta rabi-rabi, daga ƙashin baya zuwa tsakiyar ƙirji ta dama, sannan ta hagu. Hannu ya saba, har ta wayi gari tana yi wa kowace mace haka. Abin da ta gano ya daɗe yana ba ta mamaki: da wuya ka sami macen da ɓangarorinta biyu suka zo daidai. Takan tsaya da tef a wuya tana tunanin yadda mutum zai shekara da shekaru cikin jiki ɗaya bai san wannan ba.

Mace ɗaya ce awonta ke zuwa kusan daidai, ita ce yayarta, malamar makarantar firamare, wadda mijinta ya rasu tun da jimawa, ɗanta guda kuma yana aiki a nesa. Auta ce ke yi mata ɗinki tun suna 'yan mata, ta san jikinta kamar yadda ta san hanyar shagonta. Shi ya sa ranar da Yaya ta dawo da sabuwar riga ta ce tana matse ta a hammatar dama idan ta ɗaga hannu za ta yi rubutu a allo, Auta ta ɗauka laifin almakashinta ne. Ta warware ɗinkin, ta saki kaɗan, ta ba da haƙuri. Yaya ta ce ai ba laifinta ba ne, tsufa ne ya fara taɓa idonta, ya kamata a nema mata tabarau kafin ta ɗinke wa wata hannun riga a wuya.

Ba a jima ba sai ga wata rigar, tsohuwa, wadda Yaya ta daɗe tana sawa lafiya lau. Ita ma dama, ita ma hammata.

Auta ta shimfiɗa rigar a kan teburin yanka bayan Yaya ta tafi, ta tsaya tana kallonta. Fanka tana kaɗa guntayen yadi a ƙasa, hayaniyar titi tana shigowa ta ƙofa. Ta fara lissafa abin da zai iya jawo haka, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take bin zare in ya harɗe a cikin keke. In ƙiba ce, ƙiba ba ta zaɓen gefe. In yadin ne ya tsuke a wanki, ruwa ba ya sanin dama da hagu. In kuwa rubutun allo ne ya ƙara wa hannun kauri, me ya sa ya jira duk shekarun nan sai bana? Akwai amsa ɗaya da ta rage. Ta san ta, ta kuma san cewa tun rigar farko amsar tana zaune a gefen zuciyarta, ita ce ta ƙi waiwayawa.

Ta shiga lura da yayarta. Jakar littattafan da Yaya ta saba ratayawa a kafaɗar dama ta koma hagu. Mayafinta, da a da takan yafa yadda ta ga dama, yanzu kullum a jaye yake ya rufe ƙirji. Idan suka rungumi juna wajen gaisuwa, Yaya takan ɗan karkata, ta ba ta kafaɗa. Abin da ya fi ɗaure wa Auta kai shi ne, in akwai wadda bai kamata ta ɓoye irin wannan ba a duniya, to Yaya ce. Ita ta yi jinyar Auta daga farko har ƙarshe. Ita ke raka ta duk lokacin da asibiti suka gayyace ta ta yi wa mata bayani a matsayin wadda ta tsira. Me zai sa mai sani ta yi abin marar sani? Tambayar ta hana ta sakat fiye da tsoron.

Ranar da Yaya ta zo karɓar rigar, da yamma bayan an tashi makaranta, Auta ta ce ba za ta ƙara taɓa ɗinkin ba sai ta sake awo. Yaya ta yi tsaki, ta ce ita ba amarya ba ce da za a yi ta juya ta, amma ta shiga bayan labulen da mata ke gwada kaya. Wurin ƙarami ne, madubi a jikin bango, ƙusa guda ta rataye kaya. Ta ƙi cire rigar jikinta, ta ce a auna a haka. Auta ta ɗora bakin tef a ƙashin bayanta, ta zagayo ta hagu, ta riƙe lambar a ka. Ta zagayo ta dama. Bambancin ya kai faɗin yatsa. Da bayan hannunta ya gogi gefen maman, Yaya ba ta zabura irin ta mai jin zafi ba. Gwiwar hannu kawai ta sauke ta tare wurin, irin yadda mutum ke tare aljihunsa a cikin cunkoso.

"Yaya, tun yaushe?"

Yaya ta dubi madubi, ba ta dubi ƙanwarta ba. Ta ce an ɗan kwana biyu. Ƙululu ne, ba ya ciwo, yana da tauri, ba ya motsi sosai in ta taɓa, kuma kwanan nan hammatar ma ta ɗan tasa. Auta ta buɗe baki za ta fara bayanin da ta saba yi wa mata, sai Yaya ta ɗaga mata hannu, ta karanto mata shi tsaf da muryar aji: rashin zafi ba ya nufin lafiya, a duba fata ko ta lotsa, a duba kan maman ko ya shige ciki ko yana fitar da ruwa, wadda 'yar'uwarta ta yi ciwon ta fi kowa buƙatar gwaji, yawancin ƙululu ba sankara ba ne, amma likita ne kaɗai zai iya rarrabewa. Ta tambayi Auta ko ta manta wani abu, a ba ta maki.

"Ba ki manta komai ba. To me ya hana ki zuwa?"

"Ke ciwo kika yi, Auta. Ni jinya na yi. Ba abu ɗaya muka gani ba."

Maganar ta tsaya wa Auta. Ta ja kujerar da take ɗora yadi, ta zauna a bakin labulen. Ta sha ba da labarin ciwonta a gaban mata, har ya yi santsi a bakinta, amma yanzu da ta leƙa cikinsa sai ta ga ramuka ne suka fi yawa. Tana tuna silin ɗin ɗakin asibiti da wani tsagi a jikinsa. Tana tuna ɗanɗanon ƙarfe a bakinta duk ranar da aka ɗura mata magani ta jijiya, da wani hannu mai sanyi a goshinta. Sauran watannin kuwa, wani ne ya riƙe mata su, kuma ba ta taɓa tambayarsa abin da ke ciki ba. Ta yi godiya, ta yi addu'a, ta ɗinka wa Yaya kaya kyauta, amma tambaya ba ta yi ba.

Ta ce wa Yaya ta gaya mata. Duka.

Yaya ta juyo daga madubi. Sannan ta fara, a hankali, tana murza gefen labule. Ta faɗi yadda takan tsince gashin Auta daga matashi tun kafin ta farka, ta dunƙule a tafin hannu ta fita da shi. Yadda takan wanke roba bayan amai, ta dawo da fara'a, amai ya sake zuwa. Yadda takan ɗaga ta zuwa banɗaki, Auta ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo duk da ramar da ta yi. Yadda takan tsaya gaban yara da safe da alli a hannu, ta manta abin da za ta rubuta, warin magani yana bin kayanta. Ta faɗi ranar da likita ya ja ta gefe a baranda ya ce su yi ta addu'a, ta je ƙarƙashin matakala ta yi kukanta, ta wanke fuska a famfo, ta shiga ta ce wa Auta likita ya ce ana samun sauƙi.

"Ban yi nadama ba ko kaɗan," in ji Yaya. "Amma na san nauyinsa. Yaron nan yana nesa. Ke ce za ki ɗauka, ke da hannunki na hagu ke kumbura in kin ɗaga bokiti. Ban cece ki don in zo in karya ki ba."

Auta ta ji idonta ya cika, amma ta san yayarta: kuka ba ya juya ta, gardama kuwa ƙara mata taurin kai take yi. Kuma, ga mamakinta, akwai abin da take son sani da gaske. Sai ta tambaye ta yadda ake ɗaga babban mutum daga gado ba tare da mai ɗagawa ya ji wa bayansa ciwo ba. Yaya ta harare ta, ta ce wannan wace irin tambaya ce. Auta ta ce tambayar ɗaliba ce. Malama kuwa ba ta iya ganin tambaya a ƙasa ta tsallake. Ta ce ba da hannu ake ɗagawa ba, juyo da marar lafiya ake yi gefe, a sauko da ƙafafunsa, a sa kafaɗa, a miƙe da gwiwa. Auta ta tambayi abin da ake ba wanda komai ke tayar masa da zuciya. Yaya ta ce kaɗan-kaɗan, mai sanyi, marar ƙamshi, kuma kada a tsaya a kansa ana kallo. Ta tambayi yadda ake gane zazzaɓin da za a jira da wanda za a ruga asibiti. Yaya ta ce a lokacin maganin jijiya babu zazzaɓin da ake jira. Har ta fara nuna mata da hannu yadda ake tallafe ƙeya, sai ta ankara, ta sauke hannun.

"Wayo kike min."

"Koyo nake. Ko kin je ko ba ki je ba, Yaya, in abin nan shi ne, jinyar tana zuwa, kuma ni ce dai. Abin da ya rage a hannunki shi ne yawanta. Likita ya gaya min nawa ya yi tsanani ne saboda ya riga ya yi nisa kafin a gano. In da gaske tausayin hannuna kike ji, ki rage min aikin. Ki je tun yana ƙarami."

Yaya ta fito daga bayan labule, ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ce ita fa ba za ta bar yara ba malami ba, sai ta yi wa shugaban makaranta magana tukuna. Auta ta ce a yi masa yau. Yaya ta ce tun Auta tana goye take da naci.

Da safe suka je asibiti. Auta ta zauna a dogon bencin da ta sha zama a kansa, amma wannan karon ita ce mai riƙe jaka da katin asibiti, ita ce mai tashi ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko layi ya kusa. Ta lura da abubuwan da ba ta taɓa gani ba a can: yadda masu rakiya ke gane juna da ido, yadda suke yin murmushi da zarar nasu ya waiwayo. Likitar ta duba Yaya, ta ce hannu ba ya yanke hukunci. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan tsoka da allura, aka ce su dawo.

Da suka dawo, likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Sankara ce. Amma ba ta yi girma ba, hoton bai nuna ta wuce hammata ba, kuma akwai kyakkyawan zaton ƙululun da abin da ke kewaye da shi kawai za a cire, sauran magani ya biyo baya. Ta ce da an ƙara wasu watanni, da wata maganar ake yi. Yaya ta saurara da hannu a kan cinya, ta yi tambayoyinta a tsare, har ta sa likitar ta maimaita wani abin da ba ta bayyana da kyau ba.

A waje rana ta yi zafi, titin gaban asibitin cike da motoci. Auta ta kama hannun yayarta za su tsallaka.

"Sakar min hannu, ba a ma yi aikin ba kin fara," in ji Yaya.

Auta ba ta saki ba. Yaya ta yi ƙwafa, ta dubi dama da hagu, ta ce ta jira wannan babbar motar ta wuce tukuna, sannan suka tsallaka.