Gurbin Ubansa

Da labari ya bazu cewa za a rufe tsohuwar tashar lantarki mai ƙona kwal, tunda filin sola da aka shimfiɗa a bayan gari ya ɗauke mata rabin aiki, sai unguwar ma'aikata ta ɗauki zafi. Mata suka yanke shawarar fita zanga-zanga, kowacce sanye da rigar aikin mijinta.

Wata mai wanki a unguwar tana tsakar gida tana matse zanin gado, sai ga yayar marigayi mijinta ta faɗo, ko sallamar kirki babu.

"Gobe ke za ki shige mana gaba. Mijinki a bakin aikin nan ya ƙare, kowa zai tausaya."

"Yaya, ba ni zuwa."

"Me kika ce?"

"Kunnenki ƙalau. Hayaƙin nan ne ya cinye masa ƙirji ina kallo. Ni na riƙe masa kwano yana tofar da baƙi."

"Shi hayaƙin ne ya ciyar da ku! Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

"Ai mun yi askin, Yaya. Har kan muka bayar."

Yayar ta sassauta murya, abin da ba halinta ba ne. Ta ce shugaban ma'aikata ya yi alkawari, muddin tashar ta tsira, gurbin marigayi a bakin tanderu na ɗan da ya bari ne.

Mai wanki ta ajiye zanin. Ashe shi ya sa matashin ɗan nata yake gwada takalman ubansa a ɓoye! Tsoro ya kama ta, sannan fushi ya biyo baya ya kore shi.

Washegari matan suka tsaya a ƙofarta suna kiranta, wasu da lallashi, wasu da habaici. Ta jawo turmi ta zauna a bakin zaure ta cika hanya. Ɗan yana bayanta, ya ɗaure takalmi.

"Inna, ki matsa. In an rufe tashar, me zan ci?"

"Masu hawa rufi da faifan sola duwatsu suke ci? Ka je su koya maka. Amma nan, sai dai ka tsallake ni."

Ya ɗaga ƙafa, ya dubi furfurarta, ya mayar.

"Butulu!" in ji yayar daga waje.

"Na ji, Yaya. Ku wuce. Ɗaya na ba tashar nan, ba zan ƙara mata ba."