Gidan Kallo a Deule

Tun da Lai'atu ta dawo daga Faransa ba ta zauna wuri guda ba. Ta ɗora tukunya ta manta da ita, ta shiga ɗaki ta fito hannu banza. Mijinta Kaleb, direban asibitin mishan inda take aikin unguwarzoma, ya ce jirgin sama ne bai gama sauke ta ba. Matan ma'aikata sun cika mata gida suna neman ganin hotuna, ita kuwa hankalinta na can Deule, wurin mahaifiyarta Jaratu.

Madam Odil ce ta gayyace ta, wata Bafaransa da suka daɗe suna karɓar haihuwa tare kafin ta aje aiki ta koma ƙauyensu a yankin Perigor. Mutuniyar kirki ce, amma Allah bai yi ta da hutu ba. Gari na wayewa sai ta cusa Lai'atu a ƴar motarta su tafi kallon shato, wato manyan gidajen dutse na sarakuna da masu ƙasa na da.

A na farko Lai'atu ta tsaya bakin ƙofa ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta tambayi ina mai gida su gaisa. Madam Odil ta yi dariya har da hawaye, ta ce a nan ba a gaisuwa, bin mai bayani kawai ake yi. Haka suka yi ta bi. Gadaje an gitta musu igiya kada kowa ya zauna. Tukwanen tagulla na ta ƙyalli a bango, ba wadda ta ga wuta. Ga fili a bayan gida wanda zai ci da gari guda in an shuka gero, amma ciyawa ce kawai ake aske wa kai. Ba a yi nisa ba duk gidajen suka zame mata ɗaya, ƙafa ta gaji, ta rasa bakin faɗa don kunyar mai masauki.

Na ƙarshen ƙarami ne, rufinsa ma yana yoyo. Lai'atu ta ware daga ayari tana neman makewayi, ta tura wata ƙofa a bayan madafa, sai ga tsohuwa zaune gefen taga da bargo a gwiwa. Ba ta tsaya tunani ba, ta durƙusa ta gaishe ta da Faransanci yadda ake gaida manya a gida: kwana, jiki, yara. Ashe mai gidan ce. A nan aka haife ta, a gadon nan na sama mai igiya ta haifi ƴaƴanta. Suna Paris yanzu, su ne suka buɗe gidan ga masu kallo don a samu na gyaran rufi. Ta riƙe hannun Lai'atu ta ƙi saki.

"Tun farkon zafi mutane ke yawo bisa kaina," in ji ta. "Ke ce ta fari da ta tambayi lafiyata."

Wannan maganar ce ta biyo Lai'atu har gida Madawa, kuma ta san dalili sarai.

Gidansu na Deule kakanta ya gina shi. Zaurensa mai zane ne, rumbunansa na ƙasa sun fi mahayin raƙumi tsawo. Duk lokacin da asibiti ya yi sababbin Turawa, ranar Asabar Kaleb zai ja mota ya kai su kallon gidan, Lai'atu ta zama mai bayani. Ta haddace zancen kamar karatun makaranta. Ƴan'uwanta maza suna Abijan da Libiya, Jaratu ce kaɗai a gidan, ita ma ta koyi nata aikin: da ta ji ƙugin mota sai ta ɗaura tsohon baƙin zanenta na saƙi, ta ɗauki mazari ta zauna gindin babban rumbu, a yi ta ɗaukar ta hoto. Lai'atu kan gaishe ta a tsaitsaye, ta miƙa mata sukari da sabulu, ta koma fassara, kafin la'asar an juya saboda hanya. Ta yi ta ƙoƙarin tuna ranar da ta shiga ɗakin uwarta ta zauna, ta kasa. Abin ya yi mata zafi, kuma tsoro ya kama ta, don Jaratu ba yarinya ba ce.

Kaleb ya ce ta yi haƙuri zuwa Asabar, akwai baƙi biyu da babban likita ke son a kai, ga mota a sauƙaƙe. Ta ce shi ya kai su inda ya ga dama, ban da Deule. Ta roƙi a ƙara mata kwana kan konjinta, wato hutun aiki, ta hau motar ƴan kasuwa zuwa Buza.

Damina ce. A Buza ta yi ta kai da kawo a tasha har aka samu wata tsohuwar mota mai zuwa wajen Deule, ita ma da suka iso kori, wato rafin damina, sai suka tarar yana gudu. Direba ya kashe mota ya kwanta a inuwa, ya ce sai ruwa ya janye. Lai'atu ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Da ta ga wasu Fulani sun tsallaka da shanunsu ruwa iya gwiwa, ta tattare zane, ta ɗora jaka a ka, ta bi sawunsu. Sauran hanyar a ƙasa ta yi ta.

Wata maƙwabciya ta hango ta daga nesa ta ɗaga murya ta faɗa wa Jaratu. Kafin Lai'atu ta wuce zaure har tsohuwar ta kai gindin rumbu, baƙin zanen a ɗaure a karkace, mazari a hannu ba ko auduga, tana haki. Ba ta dubi ƴarta ba, bayanta take leƙawa.

"Ina baƙin?"

"Babu baƙi, Inna. Ni ɗai na taho."

Jaratu ta dubi ƙafafun Lai'atu da suka yi kaca-kaca da laka, ta dubi jakar kwana da ke kanta. Mazarin ya sulɓe daga hannunta. Ta dafa rumbu.

"Hwaɗi mini gaskiya, ɗiyata. Wa ar rasu?"

"Kowa lahiya, Inna. Gaisuwa ɗai na zaka."

Ta durƙusa ta soma gaisuwar tun daga kwana. Jaratu na amsawa, amma idonta bai bar ƙofar zaure ba.