Littattafai Goma Sha Ɗaya na Mma Ashetu

Shekara talatin da huɗu Masta Iddrisu ya yi yana koyarwa a makarantun Tamale, goma sha biyu daga ciki yana hedimasta. A duk tsawon wannan lokaci matarsa Ashetu ba ta taɓa buɗe ko ɗaya daga littattafan da suka cika kantar falonsu a unguwar Choggu ba. Takan dai kakkaɓe su ranar Juma'a. Ita a aji shida na firamare ta tsaya, daga nan ta bi mahaifiyarta kasuwa, har ta gaji rumfarta ta man kaɗanya. Karatunta bai wuce na allon shago da takardar magani ba, kuma hakan bai taɓa damunta ba.

Sai ciwon suga ya taɓa idanun Masta. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yana bambance haske da duhu, yana gane inuwar mutum a bakin ƙofa, amma rubutu ya ɓace masa gaba ɗaya. Bai yi ƙorafi ba. Ashetu dai ta lura kullum bayan la'asar yakan lalubo littafi ya ɗora a cinya, ya yi ta shafa murfinsa har a kira magariba.

Wata Talata ta taso kasuwa da wuri ta same shi a haka. Ta ajiye kwanonta, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu saboda maiƙo, ta jawo kujera.

"Alhaji, kawo in gwada."

"Ki gwada me?"

"Karatun. Ai abin da aka koya mana bai gudu duka ba."

Littafin Turanci ne, tarihin fataken goro da gishiri na zamanin da, mai kauri da ƙananan rubutu. Shafin farko ya ci mata kusan awa guda. Kowace kalma ta uku sai Masta ya tare ta ya gyara, da irin muryar da ya saba yi wa ɗalibai. Ta jure kwana biyu. A rana ta uku ta rufe littafin.

"Ni ba 'yar ajinka ba ce. In za ka gyara, ka bari in kai ƙarshen magana tukuna."

Ya ce ya ji. Suka shirya a kan gyara uku a kowane shafi, sauran kuma ya haɗiye. Wata biyu da rabi suka yi a kan fataken nan. Ranar da ta karanta layin ƙarshe ta zauna tana duban kaurin abin da ta ƙetare, ta kasa yarda cewa ta bakinta ne duk ya bi.

Masta ya ce na biyu ita za ta zaɓa. Ba ta san yadda ake zaɓe ba, don haka ta bi murfi: jirgin ruwa da wani mutum cikin malafa. Ashe labarin kisan kai ne. An tsinci gawar wani jami'in kwastan a tashar jiragen ruwa, wani tsohon ɗan sanda yana bin sawu. Kafin a kai tsakiya labarin ya kama ta. Ta fara sa shi a leda tana tafiya da shi kasuwa a ɓoye, in babu mai saye sai ta buɗe a ƙarƙashin tebur.

Wata yamma tana cikin karatu Masta ya ɗaga hannu.

"Shafi huɗu ke nan ban gyara ko ɗaya ba. Kin riga ni, ko?"

"Na san wanda ya kashe shi."

"To, kada ki faɗa."

"Kai ma ka san shi, sai dai ba ka zarge shi ba."

Ya yi dariyar da ta daɗe ba ta ji ba, ya ce ta ci gaba.

Daga nan abin ya zama al'ada, tsakanin la'asar da magariba, shi ya zaɓi ɗaya, ita ta zaɓi ɗaya. Suka karanta littafin kiwon zuma. Suka karanta na taurari da aka rubuta wa 'yan sakandare, da na wani mutum da ya ratsa ƙasashe shida a kan keke, da kundin waƙoƙi wanda Masta kan sa ta maimaita baiti sau uku alhali ita ba ta ga abin so a ciki ba. Wani direban tirela maƙwabcinsu ya kawo musu labaran soyayya guda biyu na Hausa daga Kano. A nan ita ke gudu, Masta ne ke tsayar da ita yana tambayar ma'anar kalmomin Kanawa. Sai kuma tarihin rayuwar wata ungozoma da ta yi shekara arba'in tana karɓar haihuwa a ƙauyukan arewa. Wannan sau biyu Ashetu ta dakata a tsakiyar shafi ta fita tsakar gida ta sha iska kafin ta iya ci gaba. Zuwa Disambar shekarar da ta biyo, sun gama goma sha ɗaya.

Malaman da suka yi ritaya suna da ƙungiyar karatu da ke zama Asabar ɗin ƙarshen wata a barandar wata makaranta a unguwar Gurugu. A zaman Disamba kowa kan faɗi littattafai uku da suka fi yi masa daɗi a shekarar. Masta ya daina zuwa tun da idonsa ya lalace. Wannan karon shugaban ƙungiyar, Frederick, tsohon abokinsa mutumin kudu da ya yi shekara arba'in a Tamale, ya zo har gida ya ce ba zai karɓi uzuri ba. Ashetu ta raka mijinta don ta riƙe masa hannu.

Mutum goma sha biyar suka tarar a barandar. Sakatariyar ƙungiyar, Madam Hagar, wadda ta koyar da Turanci har ta yi furfura, ta tarbe su da fara'a. Ta zaunar da Masta a gaba, ita kuma Ashetu ta nuna mata kujera a baya kusa da kular sobolo, wato zoɓo, ta roƙe ta ta taimaka da zubawa a kofuna. Ashetu ba ta ga laifi ba. Ta ɗaura zanenta ta kama aiki, kunnenta yana wajen masu magana. Abin da ya ba ta mamaki shi ne tana gane yawancin abin da suke cewa.

Da aka zo kan Masta ya faɗi nasa uku: tarihin fatake, waƙoƙi, da taurari. Ya kawo baiti biyu da ka, aka tafa masa. Madam Hagar ta tambaye shi ko a waya yake saurarensu.

"A'a," in ji shi. "Mai karanta min ce ke zuba muku sobolo. Goma sha ɗaya muka gama, duk da bakinta. Kuma nata ukun daban ne da nawa, in kuna son ji."

Kowa ya juya. Ashetu ta ajiye ludayin. Frederick, wanda Hausarsa ta kasuwa ce ba ta raba mace da namiji, ya miƙe ya jawo kujera gaba.

"Hajiya, zo ka zauna nan. Ka faɗa mana naka."

Ta ce Turancinta na karatu ne, ba na magana ba. Aka ce ta yi da Hausa, duk suna ji. Ta goge hannunta a gefen zane ta zauna.

Ta fara da na ɗan sandan. Ta ce abin da ya burge ta shi ne marubucin bai ɓoye komai ba, tun a babi na uku ya nuna takalmin mai laifin a jiƙe, mai karatu ne kawai ba ya dubawa. Ta ce ita ta duba, don a kasuwa mutum kan koyi kallon ƙafar mai saye kafin bakinsa. Aka yi dariya, muryarta ta ƙara tsayawa. Na biyu ta ce na kiwon zuma ne, domin shi kaɗai ne ta iya gwada abin da ya faɗa. Ta je wajen matan da ke kawo mata ƙwarar kaɗanya ta tambaye su, suka ce gaskiya ne, shekarar da zuma ta yi yawa itacen ma yakan yi 'ya'ya sosai. Na uku ta ce ungozomar ce. A nan ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce ita kanta ta haifi bakwai, biyar suna raye, kuma ba ta taɓa sanin ana iya rubuta irin wannan abu a takarda ba.

Sai Frederick ya ɗaga nasa kwafin na tarihin fatake, wanda shi ma ya sa a cikin ukunsa.

"Wannan fa, Hajiya? Bai shiga naka ba?"

Ta dubi mijinta. Fuskarsa tana sama, yana murmushi.

"A kansa na koyi karatu, ba zan ƙi shi ba," in ji ta. "Amma mai littafin ya ƙirga jakuna, ya ƙirga goro, ya kawo sunayen madugai har da na iyayensu. Shafi ɗari uku da wani abu, mata sau biyu suka fito, duka biyun suna dafa abinci. Kakar uwata da ƙafa take zuwa kasuwar Salaga daga nan, da man kaɗanya a ka, ita da mata fiye da ashirin. Su ma fatake ne. Ban ga su ba."

Frederick ya ce akwai babin kasuwanni, yana jin an yi maganarsu a can.

"Layi ɗaya ne, a shafi na ɗari biyu da huɗu. Ya ce akwai kuma mata masu sayar da ƙananan kaya."

Ya sa tabarau ya buɗe. Ya bi shafin da yatsa, ya juya gaba, ya dawo baya. Sannan ya cire tabarau ɗin.

"Shekara ashirin ina koyarwa da littafin nan," ya ce wa jama'a. "Ban taɓa lura ba."

Ashetu ta ji wani abu ya cika mata ƙirji, irin wanda ta ji ranar da babbar 'yarta ta gama jami'a, sai dai wannan nata ne ita kaɗai. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Madam Hagar ta ɗauko rajistar ƙungiyar ta kawo mata da biro, ta ce ta yi haƙuri da batun sobolo. Ashetu ta ce ai ba komai, ta rubuta sunanta da kanta, a hankali, a ƙarƙashin na mutum na goma sha shida. Al'adarsu sabon shiga ne ke zaɓen littafin wata mai zuwa. Ta zaɓi ungozomar. Da yake kwafi ɗaya ne, aka ce a riƙa karɓa-karɓa, kowa kwana biyu.

A cikin keken haya da ya kwaso su zuwa Choggu, Masta ya yi ta gaya wa direban abin da ya faru, duk da mutumin bai tambaya ba. Ya faɗi lambar shafin har sau biyu. Ashetu ta taɓa gwiwarsa ta ce ya bar bawan Allah ya kalli hanya.

Ranar Litinin da hantsi Madam Hagar ta zo kasuwa da lemarta, tana tambayar rumfar Mma Ashetu mai man kaɗanya. Ita ce ta farko a layin aro. Ashetu ta naɗe littafin a leda biyu don kada maiƙo ya taɓa shi, ta ce mata babi na tara kada ta karanta shi tana cin abinci. Suka ɗan tsaya hira, Madam ta sayi mai ƙwarya ɗaya ta tafi.

Fuseina mai daddawa, wadda rumfarta ke jikin ta Ashetu shekara ashirin, duk tana kallo. Ta matso da kujerarta.

"Yaya Ashetu, me ke cikin littafin nan har malamar makaranta ta biyo ki kasuwa?"

"Labarin wata ungozoma ne."

"Ta ina?"

Ashetu ta duba layin, ba mai saye a kusa. Ta rufe kwanon mai, ta gyara zama, ta fara ba ta daga ranar da aka tura matar ƙauyen farko, tana da shekara goma sha tara, da jaka ɗaya da fitilar ƙwai.