Jirgin da Baba Bai Shiga Ba

A layinmu na unguwar Nuzla a ƙasa mai tsarki, a shekarar 1978, muna da masallaci da tankin ruwa da mai gasa burodi, amma rabinmu ba su da iƙama, takardar izinin zama. Babana Usuman na cikinsu tun da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu. Ina 'yar shekara tara aka kama shi a kasuwa, aka ce za a sa shi a jirgin ruwa a tsallakar da shi Bur Sudan, inda bai san kowa ba.

Maƙwabcinmu Kawu Na'ibi yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a jirgin sojan ruwan Turawa, daga baya ya shiga fataucin fata, ya sami takardar ɗan ƙasa. Shi ke magana da yawun Hausawan unguwa. Ya sha gaya mana yadda ya ga an loda fursunoni a ƙasan jirgi tare da buhunan gyaɗa, ya ce bai yarda ba a lokacin, ba zai taɓa yarda ba.

Ummi ta shiga wurinsa tana kuka. "Kawu, sun ce sai ɗan ƙasa ya tsaya masa. Da ƙafarsa, ba aike ba."

"To ga ƙafar," in ji shi. Ya dubi matarsa. "Fatu, miƙo min farar rigar nan."

"Likita ya ce kada ka motsa!"

"Likitan ya taɓa shiga ƙasan jirgi? Yalla, yi maza."

Tsohuwar rigar aikinsa ce mai maɓallan tagulla, ko cikinsa ba ta rufe ba. Mota ba ta shiga layinmu, sai aka tura shi a baro har bakin titi. Iya Fatu ta ba ni lema ta ce, "Mastura, bi shi."

A ƙofar wurin da ake tsare da su Baba, mai gadi ya ce a dawo gobe.

Kawu ya ce, "Ɗana, ba ni da tabbacin gobe. Nan zan zauna."

Ya zauna a kan dakali tun hantsi, ina riƙe masa lema, har aka kira la'asar. Sannan wani jami'i ya leƙo ya ce, "Halas, ya ammi," wato ya isa haka, kawuna. "Shigo." Aka zo za a ɗauke shi, ya ture hannu.

"Da ƙafa suka ce."

Ya dafa bango ya shiga a hankali.

A ranar aka sako Baba. Washegari da azahar Kawu ya cika. Baba ne ya kama gaban makara. Ina tsaye a ƙofa, Iya Fatu na shanya farar rigar a igiya, muka jiyo kukan jirgi daga tasha.

Abin da na gane a ranar shi ne jirgin ya tafi, Baba kuma zai dawo gida cin abinci.